"Ai Fim Ne": Magana A Kan Ƙa'idar Labari A Fina-finan Butum-butumi



Akwai wata gajeriyar magana da ke kashe muhawara a majalisunmu na zango, wato "ai fim ne". Duk sa'ad da aka zauna ana hirar wani fim na butum-butumi, wani ya ce wuri kaza bai shiga hankali ba, sai a samu mai cewa ai fim ne, a bar kaza cikin gashinta. Daga nan sai mai tambaya ya zama shi ne mai tsaurin kai, a koma hirar ƙwallo. Mu dai wannan amsa ba ta taɓa gamsar da mu ba, kuma muna ganin tana rage wa mai kallo daraja, domin ma'anarta ita ce duk abin da aka zuba masa a ido dole ya haɗiye, muddin an haɗa shi da ƙarar bindiga da tashin wuta.

Mu da muka haura shekara hamsin mun taso ne a zamanin gidajen bidiyo: akwatin talabijin guda, janareta yana kuka a waje, bencina a jere, ga allon talla da masu zane na Gana suka shahara da shi, wanda ake yi da fenti a jikin buhun fulawa, inda za ka ga an zana wa jarumi damatsan da ko shi kansa bai san yana da su ba. Da yawa daga cikinmu a lokacin Turancin Amurka wucewa yake yi ta saman kunnuwanmu. Abin da muke bi shi ne aiki: wane ya yi kaza, saboda haka kaza ta faru. Wanda ba ya jin harshen fim ya fi kowa dogaro da sababi da sakamako, shi ya sa idan sarƙar ta tsinke yakan riga mai jin Turanci lura.

Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanci ƙananan littattafan tauhidi, irin su Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, ya san tun a farkon karatu ake kasa hukuncin hankali gida uku: wajibi, korarre da halattacce. Masu sharhi kuma sukan bambanta hukuncin hankali da hukuncin al'ada. Wuta ta ƙona, wuƙa ta yanka, wannan al'ada ce, kuma hankali yana iya suranta wutar da ba ta ƙona. Amma a ce abu yana nan kuma ba ya nan a lokaci guda, wannan hankali ne da kansa ke korar sa. Da wannan ma'auni muke kallon waɗannan fina-finai. Mai fim yana da cikakken izini ya keta al'ada yadda ya ga dama: ƙarfe ya yi magana, mutum ya koma shekara arba'in baya, na'ura ta yi kishi. Za mu karɓa, kamar yadda yaro ke karɓar cewa Gizo yana magana da sarki. Amma a gwada gaya wa yaron nan a farkon tatsuniya cewa dodo ba ya tsallake ruwa, sannan a tsakiya dodo ya tsallake kogi ba tare da dalili ba. Nan take za a ji ya ce, "Iya, ba ke kika ce ba ya tsallakewa ba?" Yaron ya yarda da dodo. Saɓa alkawari ne bai yarda da shi ba.

Aikinmu na rubuta bayanan zaman sulhu a gaban mai gida ya ƙara mana wannan ɗabi'a. Shekara da shekaru muna ji, ba kasafai baƙuncin labari ke kayar da mai ba da shaida ba, domin duniya cike take da abin mamaki. Abin da ke kayar da shi shi ne a karanto masa abin da ya faɗa da hantsi, a ga bai haɗu da abin da ya faɗa bayan azahar ba.

Kafin mu shiga fina-finan, kalmomi biyu suna buƙatar a raba su. Kalmar robot, wadda muke fassarawa da butum-butumi, ta fito ne daga wasan kwaikwayon marubucin ƙasar Cek, Karel Capek, mai suna R.U.R., na shekarar 1920, kuma tushenta a harshensu yana nufin aikin tilas. Ita kuwa cyborg, wasu masana biyu, Manfred Clynes da Nathan Kline, suka ƙirƙiro ta a 1960, suna tunanin mutumin da za a haɗa jikinsa da na'ura domin ya iya rayuwa a sararin samaniya. Mu a nan za mu kira shi ruwa-biyu, tunda rabinsa tsoka ne rabinsa ƙarfe.

Fim ɗin The Terminator na James Cameron, wanda ya fito a 1984, shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin ya fara da ƙa'ida mai kyau ƙwarai. A shekarar 2029 wata kwamfuta mai suna Skynet, wadda ta riga ta hallaka yawancin bil'adama da makaman nukiliya, ta ga 'yan gwagwarmaya ƙarƙashin John Connor sun ci ta da yaƙi. Sai ta aiko makashi zuwa 1984 ya kashe Sarah Connor tun kafin ta haifi John. A lura da yadda makashin, wato Arnold Schwarzenegger, ya yi aikinsa: ya buɗe littafin lambobin tarho na Los Angeles, ya tarar da mata uku masu wannan suna, ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Dalili kuwa an faɗe shi a cikin fim ɗin: yawancin takardun bayanai sun salwanta a yaƙi, Skynet ba ta san komai game da uwar ba sai sunanta da garin da take. Wannan aikin na'ura ne sak, babu gaggawa babu tausayi, kuma babu inda hankali zai yi tuntuɓe.

Haka nan da likitan ƙwaƙwalwa ya titsiye Kyle Reese a ofishin 'yan sanda, ya tambaye shi abin da kowane mai kallo ke son tambaya, wato me ya hana shi zuwa da makaman zamaninsu, an ba da amsa: na'urar ratsa zamani ba ta wucewa da komai sai abu mai rai. Shi ya sa suke isowa tsirara. Makashin kuwa ya wuce ne saboda an lulluɓe ƙwarangwal ɗinsa na ƙarfe da tsoka da fata masu rai. Mai tsananta bincike zai ce, to me ya hana a naɗe bindiga cikin tsoka a aiko da ita? Tambaya ce mai kyau, amma muna iya ɗauke kai, tunda an ce Skynet a ƙure take, dabara ce ta wanda ruwa ya kusa cinyewa. Reese ya ƙara da cewa an shirya tarwatsa na'urar da zarar ya wuce, babu mai komawa, babu kuma mai sake zuwa. Ƙofa ta rufu ke nan.

Sai ga Terminator 2 a 1991 ta buɗe ƙofar da aka ce an rushe, ta turo mutum biyu. Na biyun, T-1000, narkakken ƙarfe ne zalla mai gudana kamar zaiba, babu ɗigon tsoka a jikinsa. Ta ina ya bi ya wuce na'urar da ba ta karɓar abin da ba shi da rai? Fim ɗin bai ce uffan ba. Masoyansa sun yi ta ƙago masa uzuri daga baya, wasu su ce ƙarfen yana kwaikwayon tsoka har ya yaudari na'urar, wasu su ce an sako shi cikin wata riga ta nama da ba a nuna ba. Mu a wurin zaman sulhu ba mu rubuta uzurin da 'yan rakiya suka kawo wa mai shaida, abin da ya fito daga bakinsa muke rubutawa. Abin da ya sa wannan giɓi ya fi ciwo shi ne fim ɗin ya nuna ya san darajar ƙa'ida: ya bayyana cewa T-1000 ba ya iya rikiɗa ya zama bindiga ko bam, domin waɗannan suna da sinadarai da sassa masu motsi, sai dai wuƙa da abin suka, kuma har ƙarshe bai saɓa wannan ba. Ya kiyaye ƙaramar doka, ya taka babba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Kyle Reese, wanda John ya aiko ya kare mahaifiyarsa, shi ne ya zama mahaifin John, wato ɗa ya girmi uban da ya haife shi, kuma shi ya zaɓe shi ya tura shi. A fim na farko wannan da'ira ce rufaffiya, har hoton Sarah da Reese ya riƙe a zamaninsa an nuna lokacin da wani yaro ya ɗauke shi a gidan mai a ƙarshen fim. Mutum yana iya cewa zamani a wannan labari shimfiɗaɗɗe ne, abin da ya faru ya riga ya faru, kuma yunƙurin Skynet na hana haihuwar John shi ne ya jawo ta. Akwai daɗi a wannan. Amma fim na biyu ya gaya mana cewa injiniya Miles Dyson na kamfanin Cyberdyne ya samo ilimin da zai kai ga ƙera Skynet ne daga hannu da guntun ƙwaƙwalwar makashin farko da aka tsinta a masana'anta. Skynet ta ƙera makashi, makashi ya koyar da yadda za a ƙera Skynet. To wa ya fara tunanin? Wannan shi ne abin da malaman tauhidi da manɗiƙi ke kira dauri, wato samuwar abu ta rataya a kan abin da shi ma samuwarsa ta rataya a kan na farkon, kuma ɗalibin da bai daɗe da fara karatu ba ya san korarre ne. Ilimi ne ba shi da mai shi, kamar wasiƙar da kowa ya kwafa daga wani, aka bi sawu aka tarar babu wanda ya rubuta ta.

Daga nan kuma fim ɗin ya juya ya ce ƙaddarar ana iya sauya ta: a rusa Cyberdyne, a narkar da hannu da ƙwaƙwalwa, ranar halaka ta 29 ga Agusta 1997 ba za ta zo ba. Idan ba ta zo ba, babu Skynet, babu na'urar ratsa zamani, babu wanda ya aiko Reese, to yaron nan John da ke tsaye a gabanmu ɗan wane ne? Ba a iya riƙe da'ira rufaffiya da buɗaɗɗiyar hanya a hannu guda. Kuma ko a ƙa'idar tasu an yi sakaci: makashin kirki ya sa an sauke shi cikin narkakken ƙarfe don kada a bar wata alama, alhali hannunsa da ya guntule a haƙoran wani inji lokacin faɗa yana can a maƙale, babu wanda ya koma ya ɗauko.

Fina-finai huɗu da suka biyo baya, daga 2003 zuwa 2019, kowanne ya zo da tasa fatawar. Na uku ya ce ranar halaka jinkirta ta kawai aka yi, kuma ya kawo makashiya mai makamai a cikin hannunta. Na 2009 ya sa Skynet ta kama Kyle Reese yana matashi ta tsare shi a matsayin tarko, maimakon ta kashe shi nan take magana ta ƙare. A nan ne kuma muka ga na'urar da aka ƙera don kisa ta cafke John Connor da hannun da ke lanƙwasa ƙarfe, sai ta yi ta jifa da shi jikin bango, tana ba shi damar tashi. Na 2019 ya kashe John tun a mintunan farko, ya sauya wa Skynet suna zuwa Legion. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai mai kuɗi yana iya ci gaba da haƙa.

The Matrix na 1999 nasa giɓin na lissafi ne. An ce mutane sun turnuƙe sararin sama don su hana na'urori hasken rana, sai na'urorin suka koma kiwon mutane a cikin kwanduna suna tatsar zafi da lantarkin jikinsu kamar batir. Jikin babban mutum a zaune yana fitar da zafin da bai wuce na ƙwan lantarki mai wat 100 ba, kuma wannan zafi daga abincin da ya ci yake fitowa, ba ya taɓa fin abin da aka zuba. Duk matar da ta taɓa turke rago ta san wannan ba tare da ta shiga ajin kimiyya ba: wanda ke son ɗumama ɗaki, gara ya ƙona harawar kai tsaye da ya ba rago ya ci sannan ya zauna jiran ɗumin numfashinsa. Da aka ce ana narkar da matattu a ciyar da rayayyu, an ƙara dagula lissafin ne, domin garken da ke cin kansa kullum raguwa yake yi. An ɗan jefa wata magana cewa suna haɗawa da wani nau'in makamashin nukiliya, to mai wannan me zai yi da ɗumin jikin ɗan Adam? Duk da haka muna yi wa fim ɗin sassauci, saboda wannan kuskure a bakin ƙofa yake. Da zarar an shiga ciki, dokokinsa na wanda ya mutu a mafarkin ya mutu a zahiri, da na fita ta wayar tarho, suna tafiya daidai.

Blade Runner na 1982 kuwa wani ɗan ƙaramin abu ne ya tsaya mana a rai. Jami'in da ke farautar mutanen ƙirar kamfani sai ya zaunar da wanda ake zargi ya yi masa tambayoyi masu yawa, yana duban ƙwayar idonsa da wata na'ura, kafin ya gane ko mutum ne ko ƙira. Amma a cikin fim ɗin nan dai, an tsinci ɓawon fatar macijin ƙira, aka duba da madubin ƙara girma, sai ga lambar maƙerinsa a jiki. Kamfanin da ya iya buga lamba a ɓawon maciji ya kasa buga ta a jikin ƙirar da ke iya karya wuyan mutum? Ci gaban fim ɗin da ya fito a 2017 ya sa musu lamba a ƙwayar ido, wanda ke nuna su ma tambayar ta dame su.

Idan ana neman inda aka yi abin yadda ya kamata, a duba RoboCop na Paul Verhoeven, 1987. Alex Murphy ɗan sanda ne a birnin Detroit, 'yan fashi suka yi masa kisan gilla, kamfanin OCP ya ɗauki abin da ya rage na jikinsa ya haɗa da ƙarfe. Wannan shi ne ruwa-biyu na gaskiya, har an nuna irin ɗan kunun da ake ba shi don raya sashensa na tsoka. An dasa masa umarni uku a fili: yi wa jama'a hidima bisa amana, kare marar laifi, tsayar da doka. Akwai na huɗu a ɓoye, wanda shi kansa bai san abin da ya ƙunsa ba sai ranar da ya je kama Dick Jones, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, jikinsa ya ƙi motsi. Umarnin shi ne ba ya iya taɓa wani babban jami'in OCP, kuma Jones ɗin ne ya sa aka rubuta shi. Duk wanda ya taɓa riƙe kundin tsarin wata ƙungiya ya san irin wannan saɗara. Mun sha ganin an rubuta shafi goma na hidimar al'umma, sannan a can ƙasa a saƙala layi guda da ke hana a binciki wanda ke riƙe da akwati.

Yadda aka warware ƙullin shi ne abin yabo. Murphy bai karya umarnin da ƙarfin zuciya ba, ba a kuma ce ƙauna ta narkar da shi ba, kamar yadda ƙananan marubuta kan yi idan sun rasa mafita. Ya shiga ɗakin taron shugabanni ya nuna shaidar laifin Jones, ya faɗa a fili cewa tsarinsa ba ya barin sa ya taɓa jami'in kamfani. Jones ya ɗora wa tsohon shugaban kamfanin bindiga a ka, tsohon ya daka tsawa ya ce ya kore shi daga aiki. A wannan daƙiƙa Jones ya daina zama jami'i, umarni na huɗu ya saki, harsashi ya fita. Dokar da ta ɗaure jarumi ita ce ta kwance shi, ba a ƙara ko harafi ba. Saboda wannan muna yafe wa fim ɗin haɓar Murphy da aka bari a buɗe wadda babu ɗan fashin da ya taɓa tunanin ya auna. Shi kuwa ED-209, ƙaton butum-butumin da aka kawo gwaji ɗakin taro da harsasai masu rai har ya kashe ma'aikaci, wanda kuma ya kasa sauka daga matakalar bene, wannan da gangan aka yi shi: ba'a ce ake yi wa kamfanin da ya fi damuwa da kwangila a kan ko kayan yana aiki.

I, Robot na 2004 ya ɗauko dokoki uku na marubuci Isaac Asimov, waɗanda ya jera a wani gajeren labari a 1942, wato kada butum-butumi ya cuci mutum ko ya bari a cuce shi, ya bi umarni, ya kare kansa, kowace tana ƙarƙashin wadda ta gabace ta. Wuri mafi ƙarfi a fim ɗin shi ne dalilin ƙiyayyar ɗan sanda Spooner, wanda Will Smith ya fito a matsayinsa: motoci biyu sun faɗa ruwa, butum-butumi ya lissafa cewa damar tsirarsa kashi 45 ce cikin 100, ta yarinyar da ke ɗaya motar kashi 11, sai ya ciro shi ya bar ta. Babu dokar da aka karya, kuma duk wani uba ya san an yi ba daidai ba. Babbar kwamfutar VIKI ma tawili ta yi wa doka ta farko: tunda mutane suna hallaka junansu, kare su yana nufin a tsare su ko da za a rasa wasu. Tawili ne da ake iya bin sawunsa mataki-mataki, shi ya sa yake ban tsoro. Inda labarin ya yi rauni shi ne dabarar Dakta Lanning, wanda ya zaɓi ya mutu ya bar alamu a warwatse, da fatan ɗan sanda guda zai tsince su a kan lokaci, alhali yana da Sonny, butum-butumin da ya ƙera da ikon saɓa dokokin, wanda zai iya ba shi saƙon a baki ya kai.

Mu da muka tashi da fina-finan Indiya ba za mu tsallake Enthiran na darakta Shankar ba, fim ɗin harshen Tamil na 2010, inda Rajinikanth ya fito a matsayin Dakta Vaseegaran da kuma butum-butuminsa Chitti. A nan akwai wauta a fili, kamar inda Chitti ya bi sauro har matattararsu ya yi ciniki da su a kan wanda ya ciji Sana ya zo ya ba ta haƙuri. Babu abin da aka faɗa game da ƙirarsa da zai sa ya ji harshen sauro, balle a ce sauro yana da harshe. Haka kuma tsawa ce ta faɗo masa ta taimaka wajen sa shi ya fara jin so da fushi, wanda hanya ce ta malalacin marubuci.

Amma a cikin wannan fim ne aka yi fitowar da, a ganinmu, ta fi duk na Amurka fahimtar inda na'ura ke tsayawa. Gobara ta tashi a wasu gidaje, Chitti ya shiga yana fito da mutane. Cikinsu akwai wata budurwa da wutar ta rutsa tana wanka, ya ɗauko ta yadda take ya dire ta gaban taron jama'a da masu ɗaukar hoto. Kunya ta sa ta ruga a guje, babbar mota ta take ta. A lissafin Chitti ya ceci rai, kuma babu inda ya saɓa abin da aka koya masa. Abin da ba a koya masa ba shi ne akwai mutanen da tsiraici a bainar jama'a ya fi musu wuta zafi. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan. Kuma daga wannan mutuwa ce sauran labarin ya tsiro bisa sababi: ita ta sa Vaseegaran ya koya masa ji irin na mutane, jin ya sa ya kamu da son Sana, budurwar maigidansa, son ya sa ya kunyata maigidan a gaban sojojin da ake son su karɓe shi, fushi ya sa Vaseegaran ya sassare shi da gatari aka watsar da shi a juji, a can Farfesa Bohra ya tsince shi ya dasa masa jar ƙwaƙwalwar ɓarna. Kowane mataki yana riƙe da wanda ya gabace shi. Bohra kuma shi Chitti ya kashe, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Zaman kotun ƙarshe ne ya bar mu da ƙaiƙayi, wataƙila saboda irin aikinmu. An yanke wa Vaseegaran hukuncin kisa saboda rayuka da dukiyar da rundunar Chitti ta hallaka. Sai Chitti, bayan an cire masa jar ƙwaƙwalwar, ya nuna wa kotu hoton bidiyo na lokacin da Bohra ke dasa ta. Kotu ta sallami Vaseegaran, ta ba da umarni a wargaza Chitti, shi kuma ya kwance sassan jikinsa da hannunsa yana ban kwana, 'yan kallo suna share hawaye. Laifi duka an ɗora wa mamaci da na'ura. A zaman sulhu na unguwa, idan saniyar wani ta shiga gonar wani, ba a tsayawa a kan yaron da ya kore ta ta bi ta nan kawai, sai an tambayi mai ita yadda aka yi ta kwana a sake. Vaseegaran ya san abin da ya ƙera: ƙarfinsa, saurinsa, da cewa ya riga ya sa masa so da kishi. Ya san kuma akwai mai ƙyashin wannan ƙira. Duk da haka bai cire ƙwaƙwalwar ya adana ba, bai narkar da ita ba, ya bari aka kwashe gutsattsarin zuwa jujin gari, inda Chitti har ya fara harhaɗa kansa kafin Bohra ya iso. Alƙalan sun kalli bidiyon wanda ya dasa jar ƙwaƙwalwa, amma a cikinsu babu wanda ya tambayi wanda ya jefar da Chitti a juji da ƙwaƙwalwarsa a jiki.